Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi?

Masu iya magana sun bar mana karin magana guda biyu, waɗanda in mutum ya jera su wuri ɗaya sai ya ga kamar za su ba hammata iska. Ɗaya ya ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ɗayan kuwa ya ce, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Dukkansu daga bakin magabata suka fito, dukkansu kuma muna kafa hujja da su, sai dai kowa yakan ɗauki wanda ya dace da son ransa a ranar. Wanda ba ya son motsawa ya jawo na farko, wanda ƙafarsa ke masa ƙaiƙayi ya jawo na biyu. To, ya kai mai karatu, yaushe ne ƙin tashi yake zama hankali, yaushe ne kuma yake zama tsagwaron tsoro wanda ya ari rigar hankali ya sa? Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina. A gidanmu na tsince ta, cikin wani labari da muka tashi muna yi wa dariya.

A ƙarshen shekarun 1950, zamanin mulkin En'e, aka aiko wa dagacin ƙauyenmu cewa ana bukatar yara a makarantar elemantare ta garin hakimi, kuma sunan mahaifina na cikin waɗanda aka rubuta. Da labari ya iske kakana, wanda kowa ke kira Malam, bai yi wata-wata ba ya ɗauki yaron ya saka shi cikin rumbun dawa ya rufe. Kwana biyu mahaifina ya yi a ciki, ana miƙa masa fura ta sama, dogarin hakimi yana zuwa yana komawa. A dare na uku aka fito da shi aka danƙa wa wani malami mai tafiya gabas da almajiransa. Bai sake taka ƙauyen ba sai bayan shekara bakwai, ya dawo da saukarsa. Mu da muka taso daga baya, wannan labari abin raha ne a wurinmu. Da na shiga kwalejin horon malamai har misali nake bayarwa da shi in ana zancen abin da ya ja mu baya. Wata rana na maimaita haka a gaban mahaifina, ina ta zuba, ya bari sai da na kai aya sannan ya ce, "Ɗan boko, ka iya ba da labarin abin da Malam ya yi. Amma ka taɓa tambayar abin da yake tsoro?" Na yi shiru, domin ban taɓa tambaya ba.

Sai da na koma ga tarihin Kano na wasu 'yan shekaru, daga 1909 zuwa 1913, sannan na fara hango amsa. A cikin waɗannan shekaru baƙi biyu suka sauka a Kano, kowannensu sabon abu ne da ba a taɓa gani ba, amma tarbar da aka yi musu ta sha bamban ƙwarai. Baƙo na farko shi ne makarantar boko, wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa cikin 1909. Baƙo na biyu shi ne jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911, ya fara jigilar kaya sosai a 1912.

Bari mu fara da jirgin. Turawan da suka shimfiɗa layin dogo auduga suke hange, domin masaƙun Ingila na neman wurin da za su riƙa samun ta. Amma manoman Kano da fatakenta suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa ta fi kawo kuɗi a tashar jirgi, bugu da ƙari in shekara ta yi tsanani ana iya cin ta, ba a cin auduga. Ba wanda ya tilasta musu, ba wanda ya aika da dogari. A 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan dubu uku ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Fataken goro da suka saba da hanyar Gwanja suka juya akalarsu zuwa sayen gyaɗa. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro, ya zama babban mai sayen gyaɗa har ya zuwa rasuwarsa a 1955. Daga nan ne aka sami dalar gyaɗa wadda ta zama tambarin Kano na tsawon shekaru.

Makarantar Ɗan Hausa kuwa ba ta ga irin wannan tarba ba. Da ƙyar aka riƙa samun yara, kuma ɗari-ɗarin da aka yi da ita bai gushe ba har zuwa zamanin da aka saka mahaifina a rumbu, wato bayan kusan shekara hamsin. Abin tambaya a nan shi ne, yaya aka yi mutanen da suka rungumi sabon ciniki cikin damina ɗaya suka shafe rabin ƙarni suna gudun aji da allon bango? In an ce Bahaushe matsoracin sabon abu ne, to gyaɗa ta ƙaryata. In an ce yana tsoron abin da bai sani ba, to a tuna shi ne yake ɗaura kaya a jaki ya nufi Salaga, shi ne yake ratsa Sahara zuwa Tarabulus, shi ne kuma yake tashi da ƙafa ya bi ta Chadi da Sudan zuwa Makka, tafiyar da kan ci shekaru, bai san ko zai dawo ba. Mai irin wannan zuciya ba a kiransa matsoraci.

Da na auna baƙin nan biyu sai na ga sun bambanta ta fuska uku. Ta farko, gyaɗa ba baƙuwa ba ce ɗungurungum, an daɗe ana noma ta ana yin mai da ƙuli-ƙuli, kasuwar ce kawai sabuwa. Ta biyu, ana iya gwada ta kaɗan-kaɗan. Manomi ya ware gefen gona, ya bar gero da dawa a inda suke, in ta yi kyau ya ƙara baɗi, in ba ta yi ba asarar damina ɗaya ce. Yaro kuwa ba a raba shi biyu a ba makaranta rabi a riƙe rabi, in ya tafi ya tafi, kuma in ya lalace ba wata damina da za ta mayar da shi. Ta uku, a dubi wanda ya kawo kowannensu. Cinikin gyaɗa ya shigo ƙauye ta hannun fataken da aka sani, aka san iyayensu. Makaranta kuwa ta zo ne daga hannun mutanen da suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903, shekara shida kacal kafin a buɗe ta, kuma shi kansa Ɗan Hausa da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati. A Zariya ma ga Dakta Miller da makarantarsa ta mishan, kowa na gani. Saboda haka uban da ya ce yana tsoron a raba ɗansa da addininsa ba mafarki yake yi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

A nan ne na gane abin da mahaifina yake nufi. Abin da muke kira tsoron abin da ba a sani ba, mafi yawansa tsoron rasa abin da aka sani ne. Malam bai san abin da ke cikin aji ba, amma ya san abin da ke hannunsa sarai: yaro mai sallah, mai kunya, wanda zai gaje shi a zaure, ya yi masa addu'a bayan ransa. Wannan shi ne guntun gatarinsa, kuma Hausawa sun ce ya fi sari ka ba ni. Duk wanda ya raina irin wannan tsoro, ya kira shi jahilci kawai, to bai san zafin abin da ake tsoron rasawa ba. Ni dai na daina yi wa labarin rumbu dariya.

Amma fahimtar tsoro daban, wanke shi daban. Ƙin tashin nan ya jawo asara wadda har yau muke biya. An buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas a 1859, Kwalejin Katsina kuwa sai a farkon shekarun 1920 ta samu. Ibadan ta sami kwalejin jami'a a 1948, Arewa sai a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Gaskiya ne ba iyaye kaɗai ke da alhakin wannan tazara ba, domin su ma Turawan mulki ba su kashe wa ilimin Arewa abin a zo a gani ba. Duk da haka, kowane yaro da aka ɓoye a rumbu gurbi ne da aka bari, na likita ko na malami ko na alƙali. Mahaifina mutum ne mai kaifin basira, wanda yake lissafin awon hatsi da ka kafin mai alƙalami ya gama rubutawa, amma ya rayu yana kai wa wasu wasiƙa su karanta masa. Bai taɓa zargin Malam ba, sai dai ranar da na isa shiga firamare shi da kansa ya kama hannuna ya kai ni.

Me ya sa shi ya iya abin da mahaifinsa bai iya ba? Ba don ya fi Malam jarumta ba ne. Dalili shi ne, a tsakanin zamanin su biyu an sami mutanen da suka kira tsoron nan da sunansa, suka ce in dai addini ake jin tsoron rasawa, to bari a haɗa karatun biyu a ga abin da zai faru. An buɗe makarantar koyon shari'a a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Makarantun Islamiyya masu aji da benci suka fara yaɗuwa tun daga shekarun 1950. Daɗin daɗawa, jama'a suka ga waɗanda suka fita daga Kwalejin Katsina, irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam, sun dawo da sallarsu da rawaninsu. Gani ya kori ji. Da aka san ainihin abin da ake tsoro, sai aka iya yi masa shinge, da aka yi shingen kuwa sai tsoro ya ragu.

Saboda haka, a ganina tsoro iri biyu ne. Akwai tsoro mai suna, wanda in ka tambaye shi zai gaya maka, ga abu kaza da nake gudun ya salwanta. Irin wannan ana iya zama da shi a yi shawara, a nemi kariya, a gwada kaɗan, a tambayi wanda ya riga mu zuwa. Akwai kuma tsoro marar suna, wanda ba ya nuna abu ɗaya, sai dai ya lulluɓe komai kamar hazo. Shi ne Hausawa suka siffanta da cewa wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saran gaskiya ne, ba wanda ya isa ya ce ba a yi shi ba, amma tsumman ba maciji ba ne.

Mun ga wannan da idonmu a kan allurar rigakafin shan-inna. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara wajen 200. Goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye da gwamnati suka ce ba a bi ƙa'ida ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan shi ne saran. To, a 2003 da jita-jita ta bazu cewa maganin shan-inna na hana haihuwa, sai ta tarar da zukata a shirye. Aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa, ba a koma ba a Kano sai a watan Yuli na 2004. A wannan tsakani cutar ta yaɗu, ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen ashirin, kuma yaran da suka shanye a lokacin suna nan tare da mu, sun girma suna jan jiki. Abin lura shi ne yadda aka warware matsalar. An yi gwajin maganin, an samo shi daga Indonesiya inda jama'a suka fi natsuwa da shi, daga baya sarakuna da malamai suka shiga gaba, wasu suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Da tun farko an yi wa tsoron tambaya, an bambanta maciji da tsumma, da ƙafafu da yawa sun tsira.

Kada mai karatu ya ɗauka ina magana ne daga kan tudu. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma nawa ya isa in faɗe shi. A lokacin da aka sanar cewa daga 2015 hukumar JAMB za ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta, ina cikin masu ɗaga murya a ɗakin malamai. Na ce ina wutar lantarki, na ce 'ya'yan talakawa za a zalunta, na ce wannan gaggawa ce. Duk maganganun nan akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu. A makarantar da nake koyarwa a lokacin akwai 'yan kwamfutoci a wani ɗaki, kuma wani matashi ɗan bautar ƙasa ya yi tayin zai riƙa koya mana, mu da ɗalibai 'yan ajin ƙarshe, bayan an tashi. Ni ne malamin ajin, kuma sai da amincewata za a tsara lokacin. Na yi ta ja, yau in ce manhaja ba ta ƙare ba, gobe in ce yara sun gaji. Har ya gama bautarsa ya tafi ba a yi ba.

Akwai wata yarinya a ajin wadda ba ta taɓa sauka daga na ɗaya ko na biyu ba, 'yar wani mai gyaran keke. Bayan jarrabawar ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam, wallahi na san amsoshin. Amma ban taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar. Kafin hannuna ya daina rawa lokaci ya tafi." Makinta bai kai ba. Kafin shekara ta zagayo an yi mata aure, maganar jami'a ta wuce. Ban ce da ta ci jarrabawar lalle rayuwarta za ta fi haka ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani shi ne ƙofa ce aka rufe mata, kuma da hannuna a ciki. A daren nan na yi wa kaina tambayar da mahaifina ya yi mini game da Malam: kai me kake tsoro? Amsar da ta fito ba wutar lantarki ba ce. Ina tsoron in zauna a gaban na'ura, ɗalibaina na kallo, in kasa gane inda zan sa yatsa. Ina tsoron yaron da na girme wa da shekara goma sha biyar ya ce mini, "Malam, ba nan ba." Girman da na tara cikin shekaru ina riƙe da alli, shi nake karewa, na kuma naɗe shi da rigar tausayin talaka.

Ka ga bambancina da Malam ke nan. Shi abin da yake karewa babba ne, kuma ya faɗe shi a fili. Ni abin da nake karewa ƙarami ne, shi ya sa na kasa faɗarsa, na nemo masa wani suna. Wannan kuwa alama ce da ya kamata kowa ya riƙe: duk tsoron da kake jin kunyar ambatar ainihin dalilinsa, to ka tuhume shi. Bayan wannan na nemi wani tsohon ɗalibina mai shagon buga takardu, na riƙa zuwa wurinsa da yamma. Cikin mako uku na iya abin da na shafe shekara biyu ina gudu. Ba wanda ya yi mini dariya, in ma an yi ban mutu ba. Gemu ba ya hana ilimi, amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tafiyar yarinyar nan ta riga ta wuce.

Wani zai ce, to Malam, ashe kana nufin duk abin da zamani ya kawo a buɗe masa ƙofa? A'a, ko kusa. Ita kanta gyaɗar da na yaba wa tarbarta ta koya wa mutane darasi. Daminar 1913 ba ta yi kyau ba, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914, jama'a suka tuna cewa kuɗin gyaɗa ba ya maye gurbin gero a rumbu. Akwai canjin da guba ne, akwai kuma wanda alheri ne amma an yi masa gaggawa. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma al'ummar da ba ta da masu cewa a dakata, kowace iska sai ta kwashe ta. Abin da nake cewa shi ne a yi wa sabon abu hukunci bayan an yi masa tambaya, kada a yanke masa tun daga nesa don kawai baƙo ne. Tambayoyin kuwa ba su da yawa. Me nake gudun rasawa, da sunansa? Ana iya gwada abin nan kaɗan kafin a zuba duka? Wa ya riga ni shiga, me ya gani? Sannan tambayar da muka fi mantawa da ita: in na ƙi tashi, me zan rasa, kuma wa zai biya?

Muna mantawa da wannan ta ƙarshe ne saboda muna zaton zama wuri ɗaya ba shi da haɗari. Muna ganin kamar in ba mu motsa ba duniya za ta tsaya tare da mu. Ina dalar gyaɗa a yau? Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da komawar hankalin ƙasa kan man fetur, suka share ta, sai hotuna. Manomin da ya ce shi gyaɗa ya sani, a kanta zai tsaya, canji ya iske shi har gona bai nemi izininsa ba. Wanda ya zauna ma gobe za ta same shi, kuma shi ma bai san abin da ta ƙunsa ba. Shi ya sa aka ce sabo turken wawa. Daɗin abin kuma, mai ƙin tashi sau da yawa ba shi ne yake biyan kuɗin zamansa ba. Malam ya yi zaɓi, mahaifina ya biya. Ni na yi zaɓi, 'yar mai gyaran keke ta biya.

Saura nau'i ɗaya na abin da ba a sani ba, wanda tambaya ba ta ƙure shi, gwaji kuma ba ya yiwuwa a kansa. Mai shirin aure, da mai barin garinsu neman abinci, da ma'aikacin da ritaya ta ƙarato masa, da majinyacin da ke jiran sakamakon asibiti, duk suna tsaye ne a bakin ƙofar da ba a leƙa ta kafin a shiga. A nan babu malamin da ya fi manomi. Dubi mai shukar binne: yana zuba irinsa mafi kyau cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, bai san ko za a yi ruwan gobe ko sai bayan mako uku ba, bai san ko tsuntsu zai tone ba. Amma ya zaɓi irin da kyau, ya duba sararin sama, ya kuma rage wani a gida ko da za a sake shuka. Ya yi iyakar abin da ke hannunsa, ya bar wa Ubangiji abin da ba ya hannunsa. Wannan shi ne tawakkali kamar yadda malamanmu suka karantar da mu. Wanda ya bar iri a rumbu don tsoron fari, ya ce ya dogara ga Allah, ya tabbatar wa kansa da yunwar da yake gudu.

Mu ma masu sha'awar rubutu ba mu tsira daga wannan ba. A 1933 da Rupert East ya zagaya yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, abin baƙo ne, domin a lokacin alƙalami na karatun addini ne da wasiƙa da waƙa. Waɗanda suka amsa kiran su ne suka ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma Abubakar Imam bai wuce shekara ashirin da biyu ba a lokacin. Na san a cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda rubutunsu ke kwance a ƙasan akwati shekara da shekaru. In ka tambaye su sai su ce takarda ta yi tsada, ko mutane sun koma karatu a waya, ko ba su gama gyara ba. Ina roƙon kowannensu ya yi wa kansa tambayar nan a keɓe. In amsar ita ce tsoron a ce rubutun bai yi ba, to wannan tsoro ne mai suna, maganinsa kuma sananne ne: ka ba mutum biyu da ka yarda da su babi ɗaya su karanta, kamar yadda manomi ke ware gefen gona.

Daga ƙarshe, na koma ga karin maganar nan biyu na ga ashe ba faɗa suke yi ba. Wanda ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya ɗauka ka riga ka saurari kiɗan, ka auna ƙafarka, ka tabbata rawar muguwa ce. Bai ba ka izinin toshe kunne ba. Mahaifina ya rasu bai iya karanta boko ba, amma ya ga takardar difilomata, ya juya ta a hannunsa, ya ce in karanta masa abin da aka rubuta. Da na gama sai ya ce, "Da Malam ya ga kana sallah da wannan a hannunka, da bai sa ni a rumbu ba." Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon sanin abin da muke tsoro tun kafin wani ya biya mana kuɗinsa, amin.